Gyaɗar da Ta Tsaya wa Maimuna a Wuya

Ni Hajjo, ba yabon kai ba, shekara ashirin na yi ina kula da ɗiyan mutane kafin gwamnati ta farga cewa reno ma aiki ne. Da an tone gyaɗa, matan ƙauyenmu na bayan Hawandawaki sai su zube mini yaransu a gindin gawo, su koma gefe su shiga ɓara. Mai majina, mai gudawa, mai cizo, duk nawa ne har la'asar.

Shekara huɗu da samun mulkin kai, aka aiko wa maigari ya ba da mata biyu masu kula da yara, su je Tasawa a koya musu taimakon gaggawa. Aka sa ni don an san in an bar ni ba mai barci a garin. Aka haɗa ni da Shatu, matar ƙanena Ɗan Azumi, don kanta na riƙe magana.

Bari in gaya muku ko wace ce Shatu. Kowace mace na kunyar ɗan fari, amma tata ta wuce misali. Ɗiyarta ta fari, Maimuna, tun ranar yaye aka miƙo mini ita, ni take kira Inna. Shatu ba ta faɗin sunanta, ba ta ɗaukarta, ko hanya suka haɗa sai ta kauce tana duban gero. In dole ta kama, sai ta ce "waccan yarinyar". Tsohuwarmu kuwa, surukarta, har gari-gari take yabon wannan hali. Ni kaɗai na sha kama Shatu tana leƙen yarinyar ta kafar danga.

A Tasawa aka damƙa mu ga wani ma'aikacin likita, Mushe Cha'ibu, siriri mai tabarau. Mushen nan na Faransanci ne, wato malam. Ko aure bai yi ba, wai shi zai koya mini yaro! Ɗansa na koyarwa matashin kai ne da aka cusa wa ɓawon gyaɗa, aka zana masa ido da gawayi. Kwana goma muna wanke wa matashi ciwo, muna naɗe masa ƙafa, muna ba shi ruwa da cokali. Na ce, "Mushe, ɗan nan naka akwai haƙuri, ya kai lokacin kaciya kuwa?" Mata suka fashe da dariya, shi ko bai ga abin dariya ba.

Ranar da aka zo kan yaron da abu ya maƙale wa a wuya, na ci tuwo da yawa, barci na fizgata. Sama-sama na ji yana cewa kada a zura yatsa. Na ce a raina, ɗan nema, da wannan yatsan na fiddo ƙwallon magarya ya fi a ƙirga. Shatu ce ta tashi ta kifa matashi a cinya tana dukansa, har ɓawo ya tsiyayo. Aka sallame mu da akwatin katako, da bandeji, da kwalbar jan magani.

Jan maganin nan ni ya burge. Kafin sati biyu ba yaron da bai zama ja ba a garinmu, har mai ciwon ciki sai na shafa masa a cibiya. Yaran kuma muka raba su biyu, Shatu ta tabbatar Maimuna na ɓangarena, can nesa da tabarmarta.

Ana gobe motar masu awo za ta zo ɗaukar gyaɗa, mata duk suka hallara ana ɓara ba ji ba gani, tsohuwarmu na tsakiya tana ba da umarni. Ina raba wani faɗa, sai na ji an ja mini zane. Na waiga, Maimuna ce. Bakinta buɗe, idanu waje, hannunta ɗaya cike da gyaɗa. Ba kuka, ba tari, ba komai.

Na zura yatsa. Wallahi na ji ƙwayar da kan farcena, kuma na ji lokacin da na ƙara tura ta ciki. Abin da na yi bayan nan ko yau ina jin kunyarsa: akwati na buɗe, na ɗauko kwalbar jan magani, na tsaya ina kallonta.

Mata suka yo kanmu da salati. Wata ta ce a ba ta ruwa, wata ta ce a hura mata kunne, wata ta ruga kiran Liman. Sai na ji muryar Shatu. Tana tsaye, ta ba mu baya, fuskarta na kallon kututturen gawo, tana yi wa itace magana.

"A kifa ta! A kifa yarinyar a cinya, kai ƙasa!"

Na kifa ta, ta zame.

"Ba haka ba! A tallafe haɓa! A daki tsakanin kafaɗu!"

Na daka, amma dukan nawa ko ƙuda ba zai kashe ba. Leɓen yarinyar ya fara yin toka-toka, gyaɗar hannunta ta zube. Shatu na ta leƙen surukarta ta wutsiyar ido, ƙafarta na gaba tana baya.

Na ce, "Ke Shatu, don ubanki, gawon ne ya shaƙe? Ɗiyarki za ta mutu a hannuna!"

Ban ga tahowarta ba. Ta fizge yarinyar, ta durƙusa, ta kwantar da ita rubda ciki a kan cinyarta, kai ƙasa, ta tallafe haɓar. Ta daka da gindin tafi. Shiru. Ta ƙara. Shiru. A na uku ta ƙwala ihu, "Maimuna!" gaban surukarta, gaban kowa da kowa. A na huɗu ƙwayar ta yi tsalle ta faɗa cikin rairayi, ƴar mitsitsiya, har da majina.

Yarinya ta ja numfashi, ta tsala kukan da ban taɓa jin mai daɗinsa ba. Liman ya iso yana haki, ya tarar ba abin da ya rage masa sai alhamdu lillahi.

Da hankali ya kwanta, sai bakin mata ya buɗe. "Ashe kin san sunan?" in ji wata. Tsohuwarmu ta ƙura wa ƙwaryarta ido, ta ci gaba da ɓara kamar kurma. Shatu dai na durƙushe, ta ƙanƙame yarinyar.

Maimuna ta yi ta mutsu-mutsu har ta zare hannu, ta miƙo mini shi.

"Inna, ɗauke ni! Matar nan ta doke ni!"

Mata suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don na ga fuskar Shatu. Ta sassauta hannu, ta miƙo mini ita, kanta a sunkuye. Tausayinta ya kama ni.

Na dafe ƙugu na yi nishi. "Wayyo bayana! Kun ga ya riƙe. Shatu, goya yarinyar nan ki kai mini ita gida. Ni yayar mijinki na sa ki, wanda bai ji daɗi ba ya zo ya same ni."

Shatu ta kwance mayafinta, ta aza yarinyar a baya tana ta harbe-harbe, ta ɗaure, ta kama hanya.

Daga gindin gawon ana hango dangar gidana. Da azahar su Shatu suka tashi, amma sai da na sallami yara, na koma, na hura wuta, tukunya ta tafasa, sannan suka shigo, Maimuna na barci a bayanta.