Zomon Nazario

A ƙauyenmu ba a cewa mutum ya bugu, cewa ake zomonsa ya hau shi. Magei shi ne tsiron da muke yin giyar pulke da ruwansa. Mayahuel, uwar magei a faɗar kakanninmu, 'ya'ya ɗari huɗu ta shayar, duk zomaye, kuma kowane mashayin pulke da nasa. Na surukina mai waƙa ne. Na mahaucinmu mai kuka ne. Na mijina Nazario kuwa mai neman jini ne. Ni na fi kowa sani, don haƙorana biyu ya ci.

Bayan na biyun ne ya durƙusa gaban Budurwa Maryamu ya yi rantsuwar barin giya shekara guda. Wata bakwai ya riƙe. Safe da yamma yana zuƙo ruwan magei da dogon duma, ya kai ɗakin da ake tsima shi, amma ko ɗigo bai wuce maƙogwaronsa ba. Har na fara ƙiba.

Uwarsa, Doña Eufrasia, abin bai yi mata daɗi ba.

"Kana cin arzikin nonon uwar magei kana yi wa ɗanta zomo rowa?" ta ce masa. "Zomo mai yunwa ya fi cizo."

Ranar baftismar jikar Teófilo aka gayyace mu. Teófilo amininsa ne tun suna yara, shi ya riƙe ɗanmu a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna kompadre. An gasa tumaki biyu a rami, rana tana tsaka, ana ta kiɗa. Teófilo ya cika ƙwarya, ya zuba wa ƙasa rabonta, ya miƙo.

"Kompadre, karɓi."

"Na yi rantsuwa, kompadre."

"Wa ka rantse wa, Budurwa ko Chencha?" Chencha ni ce. Maza suka fashe da dariya. "Ku duba min shi, an ɗaure shi da igiyar zane! Kurɓa ɗaya, don jikata. Ko hannuna ne ke da dauɗa?"

Nazario ya dube ni. Na girgiza kai, kuma kowa ya ga na girgiza. Ina jin wannan ne ya sa ya karɓa.

A ƙwarya ta biyar wani ya sake tada maganar igiyar zane. Ba Teófilo ba ne ma, amma shi ne a kusa, yana dariya da nama a baki. Ƙarfen kankare magei yana ɗaure a ƙugun Nazario. Sau ɗaya ya kai masa, a wuya. Masu kiɗa ba su lura ba, sai da suka ƙarasa waƙarsu.

Kafin 'yan sanda su iso daga garin Apan, tsofaffi sun gama shari'arsu: ba Nazario ba ne, zomo ne, kuma ba a zagin wanda zomo ya hau, kada ya dawo kan mai zagin. Hilaria, matar mamacin, tana zaune a ƙasa da kan mijinta a cinya.

"To ku kawo min zomon," ta ce. "Ina so in ga hannunsa."

'Yan sanda suka iso, suka tafi da Nazario.

Shekara goma sha huɗu aka yanke masa. Magei tamanin ya bar min, sha ɗaya sun kai yanka. In ba a fafe zuciyar magei ba, sai ya fitar da dogon kara, ya yi fure, ya mutu ba tare da ya ba da ruwa ba. Ban fafe ko ɗaya ba. Doña Eufrasia ta zo har gona da sandarta.

"'Yar nan, uwar magei za ta kama ki."

"Ta kama ni, Mama."

Da damina suka yi fure, dogaye kamar turakun lantarki, ana hango su daga titi. Surukata ba ta sake yi min magana ba har ta mutu. Hilaria ma ba ta gaishe ni. Yanzu wankau nake yi a Apan, kuma duk Lahadin farkon wata nakan kai wa Nazario wake da barkono a kurkuku. Ya ce har yau bai tuna komai ba bayan ƙwarya ta uku.