Ɗakin da Auta Ta Zaɓa wa Jariri

Mai Gyara ake ce masa, don sana'arsa ke nan shekara ashirin da 'yan kai: ya sayi gidan da ya tsufa, ya yi masa kwaskwarima, ya sayar ya ƙara gaba. Ga shi da son yabo kamar me! Duk gidan da ya gama sai ya ja masa siririn shuɗin layi a bango daidai ƙugu, da hannunsa, ba ya barin lebura ya taɓa.

Gidan bayan tasha ne ya zame masa ƙarfen ƙafa. Sai da ya biya kuɗi aka kankare tsohon fenti, tsaga ta bayyana a ɗakin ƙurya, daga kusurwar taga har ƙasa, yatsa uku na shiga. Magini ya ɗaga simintin ƙasa, ya leƙa, ya girgiza kai.

"Maigida, ɗakin nan a kan tsohuwar rijiya yake zaune. Cike ta aka yi da shara. Damina ɗaya ko biyu, zai rufta. Sai dai a rushe."

"A rushe? Da kuɗin wa? Kai dai cike min, ka shafe."

"Ni babu hannuna," in ji magini, ya kwashi kayansa ya fice.

Mai Gyara ya nemo wani wanda ba ya yawan tambaya. Aka cike, aka shafe, ya ja layinsa. Ya gaya wa zuciyarsa ai mai saye yana da ido, wanda bai duba ba shi ya so. Amma fa tun daga ranar ba ya son bin titin.

Bayan wata guda dillali ya kawo ciniki. Dillalai kuwa ka san halinsu, ba sa haɗa mai saye da mai sayarwa, kada a yi musu tsallake. Ya ce wani ma'aikaci ne, ko ragi bai nema ba. Sunan da ke takarda ma na wani lauya ne da ke wakiltarsa. Mai Gyara ya sa hannu ya yi ajiyar zuciya.

Ran Asabar da hantsi sai ga Auta, 'yarsa ta ƙarshe, da tsohon cikinta, mijinta na jan mota.

"Baba, shigo mu je ka ga wani abu. Kada ka tambaye ni!"

"Ke da cikin nan ba za ki zauna wuri ɗaya ba? Sai kin haifa mana a titi?"

Yana ta zolayarta har suka karya kwanar tasha. Nan ya gane inda suka nufa. Motar ta tsaya a ƙofar gidan, Auta ta zaro makullai daga jaka tana karkaɗa su, makullan da shi ya sayo da kansa.

"Mu muka saya! Ni na roƙi dillali ya ɓoye, don na san halinka, da ka ji ni ce sai ka karya kuɗin ka cuci kanka."

Ta ja hannunsa ɗaki ɗaki, yana biye da ita. A ɗakin ƙurya har an kafa ƙaramin gado, an jingina shi da bangon tagar, an ɗaura labule mai hoton agwagi.

"Nan ne na jikanka. Ya fi iska."

Surukin ya yi dariya. "Baba, ni fa na ce a kawo injiniya ya duba kafin mu biya. Saura kaɗan ta cinye ni ɗanye."

"To ba dole ba?" in ji Auta. "Ina shigowa na ga layin nan na ce aikin Babana ne. Aikin Babana za a kawo wa injiniya? Ai raini ne."

Kunya da tsoro suka rufe shi lokaci guda. Ya dubi gadon, ya dubi cikinta. Zai iya cewa a mayar da gadon falo don zafi, ya sami wata dabara daga baya, mutuncinsa na nan. Har ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ji ba zai iya ba.

"Ba ni makullin nan."

Ya janye gadon, ya kafa bakin makulli a kusurwar taga, ya karta da ƙarfi. Fenti ya ɓare, simintin cikon ya zubo kamar gari. Ya bi tsagar yana tonewa har ta ratsa shuɗin layin.

"Rijiya ce a ƙasa. An gaya min. Ni na sa aka rufe." Bai iya ɗaga kai ba. "Gobe zan kawo masu rushewa, in gina muku sabo. Ko in mayar muku da kuɗinku, duk wanda kuke so."

Surukin ya sulale ya fita tsakar gida. Auta ta zauna a bakin ƙaramin gadon, ta dafa cikinta. Ba ta yi kuka ba, shi ya fi ƙona masa rai. Ta kalli garin simintin da ke ƙasa, sannan ta ɗago.

"Baba, da ba ni ba ce fa? Da 'yar wani ce?"