Makogwaron Malama Saudatu

Su uku ne malaman harshe a wata makarantar kuɗi da ke Kubwa: Malama Saudatu mai Hausa, Mista Dominic mai Faransanci, sai Ustaz Badaru mai Larabci. Ba wanda aka ba takardar ɗaukar aiki a cikinsu, balle hutun rashin lafiya. In malamin lissafi ya kwanta, akwai wasu biyu da za su riƙe masa aji. Su kuwa kowa shi kaɗai ne a fanninsa.

Bilqis, 'yar Malama Saudatu, tana aji huɗu a makarantar, a kujerar da ake ba ɗan malami kyauta. Ita ta fara lura muryar uwarta na dushewa. Aikin duk na baki ne. Malama ta faɗi kalma, yara sittin su maimaita, ta sake faɗa, ga janareta yana ruri a bayan taga tun safe har azahar. Ranar Laraba muryar ta ɗauke. Likita ya duba makogwaron, ya rubuta mata mako biyu ba magana, ya ce in ta matsa, da wuya muryar ta dawo yadda take.

Washegari da aka tashi, Mista Dominic ya tare su a bakin get da wata takarda da ya daɗe yana yawo da ita, ta kafa ƙungiyar malaman harshe.

"Malama, mun kai goma sha ɗaya yanzu, daga makarantu biyar," in ji shi. "Akwai wata mai Hausa da ta ce za ta riƙe miki aji har ki warke. Amma oga mai makarantar ba za ta yarda ba sai mun shiga wurinta tare."

Malama ta girgiza kai. Ta karɓi littafin aikin Bilqis ta yi rubutu a bayansa, ta miƙa mata ta karanta, kamar yadda suke yi tun jiya. Bilqis ta ɗaga murya: "In aka kore ni, Bilqis ma..." Sai ta tsaya. Sauran ta karanta shi a zuci.

Ranar Juma'a suka shiga ofishin mai makarantar su biyu, uwa da takardar likita, 'ya da bakin magana. Matar ta karanta ta ajiye.

"Ayya, sannu Malama. Amma jarrabawa saura mako uku. Ki shigo Litinin, ko a hankali ne ki yi wa yaran darasi."

"Likita ya ce kada ta yi magana sam, ma," in ji Bilqis.

"Na gani, 'yata. To, in ba za ta iya ba, akwai masu bautar ƙasa da ke neman wuri."

Da suka fito, Mista Dominic da Ustaz Badaru suna tsaye a baranda, ba su tambayi yadda aka yi ba.

"Hajiya, ba zan yi miki alkawarin mai makarantar za ta saurare mu ba," in ji Ustaz. "Ni ma da iyali. Amma mun yi magana da wannan Bafaranshen namu, Mista Dominic. In ta sallame ki, ba Larabci ba Faransanci ranar Litinin."

Malama Saudatu ta daɗe tana kallon Bilqis. Sannan ta miƙa hannu, Mista Dominic ya ɗora takardar a kan jakarsa, ta rubuta sunanta na goma sha biyu.

A cikin keke Napep Bilqis ta yi ta juya maganar a ranta. Ta san har yanzu tana iya rasa kujerarta. Ta kuma gane cewa mai makaranta tana iya canza malami ɗaya tsakanin Juma'a da Litinin, amma ba za ta iya canza uku ba ana saura mako uku jarrabawa.