Motar da Ba Ta Kwana a Caji Ba

Da sassafe Abba ya shiga gareji da jakar kayan yara a kafaɗa, ya kunna motar, sai ya tsaya cak. Layin batir a allon bai kai ko rabi ba. Igiyar caji tana nan jikin motar yadda ya jona ta jiya da yamma, amma 'yar fitilar da ke bango a mace take. Wani ya kashe makunnin.

Ba sai ya tambaya ba. Tun da aka kwantar da Umma a babban asibitin wani gari mai nisa, babbar 'yarsu, wadda kowa ke kira Yaya, ta ɗauke aikin uwarta ba tare da an sa ta ba. Ko firamare ba ta gama ba, amma har tafiyar Umma take kwaikwaya. Ita Umma mace ce mai tsoron gobara. Ba ta kwanciya sai ta zaga gida ta kashe duk abin da ke jone, har Abba kan tsokane ta da cewa wata rana shi ma za ta zare shi daga bango. Ta san dai ba a taɓa na gareji idan mota na caji. Yaya ce ba ta sani ba, domin a wurin aiki Abba ya saba caji, sai za a yi doguwar tafiya yake jonawa a gida.

Yau da hantsi za a shiga da Umma tiyata. Likita bai ɓoye musu ba, aikin mai haɗari ne. Abu ɗaya ta roƙa, a kawo mata yaran ta gan su kafin a shiga da ita.

Yaya ta fito riƙe da hannun ƙanenta Auta. Ta dubi fuskar ubanta, ta dubi bango, hannunta ya tafi bakinta.

"Abba, ni ce..."

"Shiga mota," ya ce. Bai ɗaga murya ba, kuma da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

Ya ɗaure Auta a kujerarsa, ya kashe na'urar sanyi, ya ɗan sauke gilasai. Zuciyarsa na ce masa ya taka, amma mota mai lantarki ba ta san gaggawa ba, iya gudunka iya shan batirinta. Haka ya riƙa lallaɓawa a gefen hanya, manyan motoci na wuce shi suna masa hon. Auta ya yi gumi, ya fara ƙunƙuni, Yaya ta cire masa riga tana masa fifita da littafin zanensa. Da tsohuwar motarsu ce, da ƙarar inji ta cike shirun. Wannan kuwa har haɗiyar yawun yarinyar ana ji.

Duk da lallaɓawar, batirin bai kai su ba. Dole suka tsaya a wata tashar caji da ke bakin hanya. Wata motar kai kaya ta riga su kan na'urar caji mai sauri, sai mai jan jiki ta rage. Abba ya jona, ya fito da yaran ya zaunar da su kan dakali nesa da inda motoci ke shiga, domin motocin lantarki ba a jin zuwansu sai sun iso kanka. Ya tsaya yana kallon lambar cajin tana hawa kamar ana roƙonta. Tsoro ne ya cika shi, da haushin da ya rasa inda zai sauke.

Wayarsa ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinya ce.

"Yallaɓai, mun ja lokaci iya yinmu. Likita ya shirya. Ga ta, ku yi magana."

Muryar Umma ta fito a sanyaye, maganin da aka ba ta ya fara aiki. Abba ya ce mata batir ne ya gaza, bai ƙara komai ba. Auta ya fizge wayar ya ba ta labarin wata ƙatuwar motar kaya, ta yi masa 'yar dariya. Sannan ta ce a ba ta Yaya.

"Uwar gida, ya gidan?"

"Lafiya lau, Umma."

"Kina zagawa kafin ki kwanta? Kina kashe komai?"

Yarinyar ta ɗago ta dubi ubanta, idonta taf da hawaye. Ya gyaɗa mata kai.

"Ina kashewa, Umma. Komai."

"Yauwa. Hankalina ya kwanta. Ki riƙe min ƙanenki."

Aka ji ƙarar tayoyin gado, wata murya ta ce su yi haƙuri, layin ya katse.

Direban motar kayan ya zare igiyarsa, ya ɗaga wa Abba hannu cewa wuri ya samu. Abba ya yi masa godiya, bai ko motsa ba. Ya zauna kan dakalin kusa da 'yarsa, wadda ke riƙe da wayar da hannu biyu.

"Da na bari, da ta gan mu," ta ce.

"Da ta gan ku," ya ce, domin ba zai yi mata ƙarya ba. "Amma abin da ta koya miki kika yi. Ni ne ban gaya miki na gareji ba."

Ta kifa kanta a cinyarsa, kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Auta ya tsaya yana kallonsu, sannan ya ja hannun rigar ubansa.

"Abba, ku tashi mana. Umma tana jiranmu."