Abin da Bosko Yake Ci

"Ba zan sa ta ba, Goggo."

Apondi ta faɗi haka ba tare da ta ɗago kai daga tukunyar waken soyan da take juyawa ba. Goggo Akeyo, yayar mahaifinta, tana tsaye a bakin rumfa riƙe da farar rigar nan ta masu aikin ɗakin gwaji, an wanke an goge har tana ɗaukar ido.

"Me kika ce? Ko injin niƙa ne ya toshe min kunne?"

"Cewa na yi ba zan sa ba. Ba kuma zan tsaya gaban mutane a Nairobi in ce musu abincin nan ya wadatar da kare ba. Bai wadatar ba."

"Ji min yarinya! Rigar fa taki ce, ba aro na yi miki ba."

"Shi ya sa, Goggo. Tawa ce."

Sana'ar ta Goggo ce. A bayan gidanta da ke Kisumu ta kafa rumfa tana haɗa abincin karnuka wanda babu nama a ciki: waken soya, dawa, dankali, ganyen sukuma da man suya. Masu saye suna Nairobi, iyalan da ba sa cin nama kuma ba sa son ganinsa ko a kwanon kare. Da Apondi ta gama karatun ciyar da dabbobi a jami'a, Goggo ta ɗauke ta aiki, ta ba ta ɗaki a gidan, ta riƙa nuna ta ga matan coci tana cewa, "Ga likitar kamfaninmu." Apondi ce ta tsara haɗin, ita ce kuma ta sa a riƙa zuba wani farin gari a kowane kwaɓi, garin da ke cike gurbin abin da tsirrai ba su da shi. Komai na tafiya daidai har ranar da wata mai saye ta bugo waya tana tambayar mene ne waɗannan sunaye masu lamba da ke jikin buhun, ita fa abin gona zalla take so. Washegari Goggo ta hana zuba garin, ta sa aka buga sabon buhu mai hoton karenta Bosko. Yanzu ga baje kolin karnuka ya matso, tana son Apondi ta sa farar riga ta tsaya kusa da buhun ta yi shaida.

"To faɗa min," in ji Goggo, ta rataye rigar a ƙusa. "Me ya rage a ciki? Ba ke kika ce waken soya ya fi nama furotin ba?"

"Furotin akwai. Ba shi kaɗai kare ke buƙata ba. Babu B12 a ciki."

"B nawa?"

"Sha biyu."

"Kamar lambar motar haya. Daga ina take tashi?"

Apondi ta ajiye muciya, ta ja numfashi. Wannan bayanin ta yi shi har bakinta ya gaji. Ta sake yi. Bitamin ɗin nan babu shi a wake ko dawa, in ya yi ƙaranci jini da jijiyoyi ke shan wahala. Kalsiyam ɗin da ke ciki bai kai ya gina ƙashin ɗan kwikwiyo ba. Akwai kuma wani sinadari, taurin, wanda zuciyar wasu karnukan ke raunana idan ya gaza. Illar ba ta fitowa yau ko gobe, a hankali take cin dabba, sai mai shi ya farga da ƙafa ta lanƙwashe ko numfashi ya yi gajere. Garin kuma ba daga dabba aka samo shi ba, ko mai tsananin ƙin nama zai iya ba karensa. Da shi abincin ya cika, babu shi bai cika ba.

Goggo ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai kamar mai sauraron huɗuba. Sannan ta yi fito. Bosko ya taso da gudu daga ƙarƙashin mangwaro, gashinsa na sheƙi, ƙirjinsa cike, jela na kaɗawa.

"Farfesa, dubi wannan. Tun da na cire garinki abin da yake ci ke nan, shi da ɗaya karen, Moto. Nuna min inda ya lanƙwashe."

Wannan ne ya fi komai ƙona wa Apondi rai. Ta san abin da ta karanta, ta san abin da ke cikin tukunya domin hannunta ke zubawa. Amma ga Bosko kullum ƙara kyau yake kamar ango.

"Wataƙila lokaci bai yi ba," ta ce.

"Lokaci bai yi ba! Kin ji ko, Bosko? An ce ka jira, ciwonka na hanya."

Daga ranar Goggo ta daina yi mata magana kai tsaye. Ta cire ta daga wurin haɗi ta mayar da ita ɗinkin bakin buhu, aikin da ke huda yatsu. In abinci ya nuna sai ta leƙa tsakar gida ta ɗaga murya: "Bosko, gaya wa Farfesa tuwon ugali ya sauka, in B ɗinta ta yarda ta ci." In baƙi suka zo, ba a ƙara cewa likitar kamfani, sai "'yar ƙanina, tana ɗan taya mu." Apondi ta ɗinka buhu, ta ci ugalinta da sukuma, ta wanke kwanonta, ba ta ba kowa haƙuri ba. Rigar kuwa tana nan rataye a ƙusa, kowace safiya Goggo sai ta kaɗe mata ƙura a gabanta.

Wata yamma, rana ta kusa faɗawa tafkin da ke gefen garin, Apondi ta zagaya bayan rumfa ɗauko igiya. Sai ta tarar da Baba Oluoch, mijin Goggo, tsugune gaban kwanonin karnukan. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne da ya yi ritaya, mutum marar hayaniya wanda ba ya shiga harkar sana'ar. Hannunsa na cikin wata jaka, ya damƙo omena, ƙananan busassun kifin tafki, ya watsa a kwanon Bosko, ya ƙara damƙowa ya watsa wa Moto. Karnukan suka ture abincin Goggo gefe da hanci, suka fara da kifin.

"Baba! Me kake ba su?"

Ya waiwayo a natse. "Omena mana."

"Tun yaushe?"

"Tun suna 'yan kwikwiyo. Wa ke ba kare tuwo gaya?"

"Amma Goggo ta ce ba sa cin nama!"

"To ai ba sa ci. Wa ya ba su nama? Mu kanmu yaushe rabonmu da shi?"

"Baba, omena kifi ne."

"Kifi shi ne babba irin ngege, wanda ake soyawa a sa a faranti. Wannan omena ne, 'yata. Abin yayyafawa." Ya karkaɗe hannunsa a wando. "Ke da karatunki."

Apondi ta zauna a kan bulo, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Kifin da ake ci da kai da ƙaya da hanji: ga kalsiyam, ga B12, ga taurin, duk abin da ta yi ta bushe maƙogwaro a kai, Baba na zuba shi da hannu kowace yamma. Kowane gida a unguwar haka yake yi, har ba a lissafa shi cikin abinci. Amma karen da ke hawa na biyar a wani bene a Nairobi, a gidan da ko ƙwai ba ya shiga, wa zai yayyafa masa?

Ta kawo maganar a kan tebur, suna cin abincin dare. Ta yi zaton ko Goggo za ta yi shiru. Goggo ta juya kan mijinta.

"Kai ne ke ɓata min gwaji?"

"'Yar garin Gem, wane gwaji? Ba ki taɓa ce min kar in ba su ba. Ke ma kin sha ganina."

"Na ɗauka kaji kake ba!"

"Kaji a kwanon Bosko?"

Goggo ta yi tsaki, ta gutsuri ugali ta mulmula shi da ƙarfi. Sai ta dubi Apondi, karon farko a cikin makonni.

"To me ya canza? Kare dai lafiyarsa lau."

"Komai ya canza, Goggo. Ba abincinmu ke riƙe da shi ba. Ki mayar da garin, in sa riga in tsaya har rana ta faɗi. Ko ki zuba omena a ciki ki cire maganar tsirrai zalla. Ko ki rubuta a buhu cewa abincin bai cika shi kaɗai ba. Kowanne kika zaɓa ina bayanki."

"In sa gari su ce na kawo musu kayan asibiti. In sa kifi su gudu. In rubuta bai cika ba, wane mahaukaci zai saya? Kin ga duk hanyoyinki rami suke kaiwa."

"Ni zan yi musu bayanin garin. Aikina ke nan."

"Bayaninki? Wanda ni ma da na haife ki a kaikaice ban gane ba?" Ta ture faranti. "Kakanninmu sun yi kiwon karnuka babu B ko ɗaya."

"Sun yi da omena."

Baba Oluoch ya yi tari, ya miƙe ya ce zai duba ko an rufe ƙofar waje.

Da safe wayar mahaifin Apondi ta shigo daga ƙauye. Goggo ta riga ta kira shi. Bai tambayi me ke cikin buhu ba.

"Apondi, yayata ce fa. Ita ta goya ni. Ki sa riga ki tsaya, minti nawa ne? Karnuka ne fa, ba mutane ba."

"Baba, mutane zan yi wa ƙarya, ba karnuka ba."

"Wannan bakin naki! Daga gidan uwarki kika ɗauko shi."

"Ka gaishe ta," in ji Apondi.

Ana gobe tafiya Goggo ta same ta a wurin ɗinki. Wannan karon babu zolaya a muryarta.

"Motar safe za mu hau. In kin shiga da rigarki, komai ya wuce, kin koma wurin haɗi. In ba ki shiga ba, kar in dawo in same ki a gidana. Ba na ciyar da mai tona min asiri."

Apondi ta ja zaren ta ƙulle bakin buhun, ta yanke da haƙori. Yatsunta duk sun yi kanta.

"Allah ya kiyaye hanya, Goggo."

Goggo ta fizge rigar daga ƙusa ta zura a jikinta. Hannuwan suka tsaya mata a gwiwar hannu, maɓallan suka ƙi haɗuwa. Ta ja, ta ja, ta bar ta a buɗe.

"Ai ba sai an rufe ba," ta ce, ta fita.

Haka aka yi. Goggo ta tafi Nairobi da rigar da Bosko, mutane suka shafa gashinsa suna yabawa, buhunan suka ƙare tun kafin la'asar. Babu wanda ya tambayi abin da yake ci da yamma. Apondi ta haɗa kayanta a akwati ɗaya. Baba Oluoch ya raka ta bakin titi ya tsayar mata da ɗan acaɓa, ya cusa mata ƙullin omena a jaka, ya ce, "Ki riƙa ci."

Yanzu tana kwana a tabarma a ɗakin wata ƙawarta a unguwar Nyalenda, tana yawon neman aiki a shagunan magungunan dabbobi, inda kowa ya riga ya ji cewa ita ce yarinyar da ta yi wa goggonta butulci. Mahaifinta ba ya ɗaga wayarta. Bikin Kirsimeti a ƙauye an yi shi babu ita. Buhunan na ci gaba da tafiya Nairobi kamar da, ba ta ceci kare ko ɗaya ba, ta kuma sani. Ta rasa aiki, ta rasa ɗaki, ta rasa goggo da uba, har rigar ma ba a dawo mata da ita ba. Abin da ya rage mata shi ne ba ta faɗi abin da ba haka yake ba, kuma in aka sake miƙo mata rigar gobe, amsar ba ta canza ba.