Gammon Muntari

…to, sun kai kanshi. Muntarina. Dogarin da ya biyo hanyar Jega shina nuna shi da bulala: naɗa gammo, ɗauki akwati. Wanda duk ya iya, shi bi kayan Bature har Maiyama, daga can Allah kaɗai Ya san ina. Ɗan maƙwabcinmu Ladan da suka ɗiba bara, ko hularshi ba ta dawo ba.

Ni kau ga ni jikin danga, hankalina kwance. Tsoron mi? Ɗan da na haifa? Shekara ashirin da biyu, ƙarfi kamar na bijimi, amma hannuwan nan ba su san gaba da baya ba. Ya sani hwa. Tambaye shi ka ji: a naɗe, a aza, a durƙusa, a ɗauka. Baki ya iya. Hannun ne… sai shi aza kaya sannan shi nemi gammo. Ranar da ya zubar da kwandon albasa guda cikin rijiyar lambu, ubanshi, Allah shi ji ƙanshi, shina cewa ƙyale shi Tamu, wahala kikai. Ban ƙyale ba. Ni da taurin kai! Ina bayanshi, hannuna bisa nashi, rani goma sha ɗaya. Har yau sai ya ga yatsana ya motsa kafin shi soma.

Ga shi shina nemana. Ya gan ni.

Na cusa hannuwa cikin zane. Yi haƙuri, ɗana, yau babu. Tsaya nan ka rikice, su yi dariya, su ce wawa ne, su kore ka. Yau kaɗai nika son dariyar nan.

Shina kallon tsumman gammon. Shina juya shi… a'a. Muntari, a'a. Zagaye ɗaya. Biyu. Ya soke bakin. Ya aza. Gwiwa ƙasa — wa ya gaya mishi? Ban motsa ba, wallahi ban motsa ba —

Akwati bisa kai, daram.

Dubi haƙora waje. Ni shika yi wa. Guɗa shika jira, ni na yi mishi alkawarinta duk ranar da ya iya shi kaɗai. In na yi shiru, da zaton ya ɓata zai tahi. Buɗe baki, Tamu… ta fito, wata iri, amma ta fito.

Sun sa shi sahu. Ya ɗago hannu guda, yatsu na buɗewa suna rufewa. Zo shika cewa, ko sai wata rana? Ban sani ba. Wannan ban koya mishi ba… ban taɓa zaton za shi ko'ina ba.