Hannun Dama na Inna Haske

"Sauke hannunki, Iya Habsa! Kar ki ba ta a baki."

Na tsaya da ludayi a sama kamar an kama ni da sata. Nasiba ce ta daka mini tsawa, yarinyar da aka haifa a gaban idona. Ta yi karatun kine a Yamai, aikin motsa gaɓoɓin waɗanda jikinsu ya shanye, sai ta ajiye aikin gwamnati ta dawo Filinge tana bin gidaje a kan babur, tana cin gashin kanta. Mutane suka ce ta haukace. Ni ma na ce.

"Haba ɗiyata, ba ki ganin tsohuwa da yunwa?"

"Ina gani, Iya. In kin ba ta yau, hannun nan ba shi tashi har abada."

Inna Haske maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Tun da hawan jini ya kada ta bayan girbin hatsi, ɓarin damanta ya mutu. Ɗiyanta suna Libiya da Kwatano, sai dai waya. Hannun hagunta lafiya lau, amma ta rantse ba mai ganinta tana ci da shi. Matar da muka shekara talatin muna shan ƙwarya ɗaya, sai ga ta tana tura ƙyaure in za ta sha hura. Wata rana ma ba ta sha. Tana ramewa ina kallo, wallahi abin ya ci mini rai.

Nasiba ba ta da na'ura ko ɗaya. Wake take zubawa a faifai ta ce a tsince tsakuwa. Ludayi kuwa, sai ta naɗe mariƙinsa da robar taya har ya yi kauri, yatsu su samu abin kamawa. Irinsu take kaiwa kasuwa, har daga Bonkuku ana aikowa a saya. Wata huɗu Inna tana ɗaga nata, hura na zuba a zane, tana zagin hannun kamar jakin da ya ƙi tahiya.

Ran Laraba ta kira ni ta kan katanga, harshen nan nata da nauyi.

"Habsa, gobe da hantsi ki zo mu sha hura. Tare."

"Da wane hannu, Inna?" na tsokane ta.

"Ke dai zo ki gani."

"Gobe sunan jikata a Damana. Jibi, in Allah ya so."

Ta ce, "To, jibi."

Kaicona da sunan nan! Na dawo Alhamis da la'asar na iske tabarmi a ƙofar gidanta. An riga an kai ta. Nasiba ce ta same ta da hantsi, jingine da bango.

"Iya, ludayin yana hannunta na dama," ta ce, tana share ido da gyale. "Ko ɗigo babu a zanenta. Ta iya, amma ni ma ban gani ba. Ba wanda ya gani."

"Ƙyauren hwa?"

"A buɗe na iske shi."

Na shiga ɗakin. Ba wanda ya taɓa ƙwaryar bayanta, sauran hurar ta kwanta, ruwa ya taso sama. A gefen da nake zama ta jingina tsohon ludayina mai tsagaggen baki, an wanke shi tas.